Daga New York zuwa Singafo: awa nawa ne, kuma ta wace hanya?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in yi tsokaci kan gajeren labarin da kuka buga kwanakin baya game da jirgin fasinjan da ya fi kowanne doguwar tafiya a duniya, wato mai tashi daga New York ya sauka a Singafo ba tare da ya yada zango ba. Na ji daɗin ganin labarin, domin ba kasafai jaridunmu ke kula da irin wannan ba. Alƙaluman da kuka kawo ma daidai suke: kilomita 15,349 tsakanin filin jirgin John F. Kennedy da filin jirgin Changi, tafiyar sama da awa 18. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne taswirar da kuka haɗa da labarin. Mai zanenku ya ja miƙaƙƙen layi daga New York, ya tsallaka Tekun Atlantika, ya ratsa Sahara, ya bi ta kudancin ƙasar Larabawa har ya dire a Singafo. Duk wanda ya kalli wannan layi zai ɗauka tsawonsa ne kilomita 15,349 ɗin, kuma nan ce gajeriyar hanya. Ba haka ba ne. Na shafe shekara 31 ina koyar da labarin ƙasa kafin in yi ritaya, kuma babu kuskuren da na fi fama da shi a aji kamar wannan, shi ya sa na kasa yin shiru.

A kan teburina akwai ƙwallon duniya irin wanda ake juyawa da yatsa, fentinsa duk ya koɗe a wajen Tekun Indiya saboda hannun ɗalibai. Da na ga taswirarku sai na ɗauko zare, na danne bakinsa da babban yatsa a kan New York, na ja ɗaya bakin zuwa Singafo har ya miƙe sosai. Zaren ko kallon Afirka bai yi ba. Arewa ya dosa, ya haye gabashin Kanada, ya wuce dab da ƙuryar arewacin duniya, har sai da na ɗan ɗaga shi saboda ƙusar da ke riƙe da ƙwallon ta tare masa hanya. Daga nan ya gangaro ta Siberiya da Mongoliya da Chaina, ya sauka a Singafo. Tsawon wannan zare shi ne alƙalamin da kuka buga. Idan ka ɗauki zaren ka kwantar da shi a kan hanyar da mai zanenku ya nuna, zai ƙare tun bai kai Singafo ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Duniya dunƙulalliya ce, takarda kuwa shimfiɗaɗɗiya. Ka farke ƙwallon roba ka yi ƙoƙarin shimfiɗa fatarta a tebur, dole wani gefen ya yage ko ya miƙe fiye da kima. Taswirar da muka saba gani a bangon aji ta samo asali ne daga wadda Gerardus Mercator ya zana a 1569 domin matuƙan jiragen ruwa. Tana da amfani ƙwarai wajen riƙe alƙibla, amma tana kumbura duk ƙasashen da ke can arewa da can kudu. Shi ya sa za ka ga tsibirin Greenland ya yi kusan kai ɗaya da Afirka a kanta, alhali Afirka ta ninka shi kusan sau 14. A irin wannan taswira gajeriyar hanya takan fito a lanƙwashe kamar baka, doguwar kuma ta fito a miƙe. Ido sai ya zaɓi miƙaƙƙiyar, ya ce matuƙi yana zagaye.

To amma ko hanyar zaren nan ma ba kullum jirgin ke bin ta ba, kuma wannan ban koye shi a littafi kaɗai ba. Ɗiyata ta biyu ta hau wannan jirgi bara, aiki ya kai ta Singafo daga New York. Kafin ta tashi na gaya mata ta duba taga idan an kai arewa, wataƙila ta ga ƙanƙara. Bayan wasu awowi sai ga saƙonta a waya, da hoton ƙaramin allon da ke maƙale a bayan kujerar da ke gabanta. Ɗan hoton jirgin yana kan Turai, hancinsa na fuskantar gabas, a ƙasansa an rubuta gudunsu da sauran awowin da suka rage. Ta rubuto: "Baba, ba ka ce ta arewa za mu bi ba? Ga mu nan mun tsallako Atlantika." Da za ta koma bayan mako biyu, sai ta sake turo hoto, wannan karon sun wuce Japan suna dosar Alaska. Ka ga ke nan a zuwa gabas ta nufa, a dawowa ma gabas ta nufa. Tafiya biyu suka haɗu ta zagaye duniya cif ba tare da ta yi niyya ba.

Iska ce ke jawo haka. A can sama, wajen kilomita 9 zuwa 12 daga ƙasa, inda manyan jirage ke tafiya, akwai wata iska mai ƙarfi da ke kwarara daga yamma zuwa gabas kamar kogi. Gudunta yakan kai kilomita 200 a awa, da hunturun arewacin duniya ma ta zarce haka nesa. Jirgin zamani yana keta iska da gudun kusan kilomita 900 a awa. Idan ya faɗa cikin wannan kogin iska yana dosar gabas, gudunsa da nata sai su haɗu. Idan kuwa yamma ya nufa, sai ta riƙa cin gudunsa. Duk wanda ya taɓa shiga kwalekwale ya san bambancin gangara da ruwa da kuma haurawa. Saboda haka masu tsara wa jirgi hanya sukan zauna kowace rana da rahoton yanayi, su auna: da a bi gajeriyar hanya iska na dukan hanci, gara a ƙara kilomita dubu ko fiye iska na turawa ta baya. Sau da yawa doguwar hanyar ce ke cin mai kaɗan, kuma ita ke kai mutane da wuri. Ke nan tsawon da jirgi ya ci ranar Litinin ba lallai ya zo ɗaya da na ranar Talata ba, ko da jirgi ɗaya ne, matuƙa ɗaya.

Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne tsakanin New York da Landan, tazarar kusan kilomita 5,540. Mai zuwa Landan yakan yi wajen awa 7, mai komawa New York wajen awa 8. A watan Fabrairun 2020, lokacin guguwar Ciara, wani jirgin British Airways ƙirar Boeing 747 ya yi tafiyar daga New York zuwa Landan cikin awa 4 da minti 56. Ba a ƙara masa inji ba, iska ce ta ɗauke shi, har gudunsa a kan ƙasa ya haura kilomita 1,300 a awa a wani wuri. Waɗanda suka taso daga Landan a wannan rana su kuma suka sha doguwar tafiya.

A nan bari in gyara wata magana da nake yawan ji, har daga bakin masu ilimi. Sukan ce tafiyar gabas ta fi sauri ne saboda duniya tana juyawa a ƙarƙashin jirgi. Da haka ne, ai tafiyar yamma ce za ta fi sauri, tunda duniya gabas take juyawa, garin da ke yamma ke nan zai taho ya taryi jirgin. Gaskiyar magana iskar da ke lulluɓe da duniya tare da ita take juyawa, jirgi kuma a cikin iskar yake. Juyawar duniya tana da hannu wajen samar da wancan kogin iska, amma kogin ne ke tura jirgi.

Sai batun lissafin lokaci. Ɗalibi zai ɗauki 15,349 ya raba da 900, ya sami awa 17 da 'yan mintoci, ya ce ga amsa. Lissafinsa bai ɓaci ba, sai dai ba shi ne abin da ke kan tikiti ba. Lokacin da kamfani ke rubutawa yana farawa ne daga sa'ar da aka janye jirgi daga ƙofar shiga, ya ƙare sa'ar da ya tsaya cak a ƙofar sauka. A cikinsa akwai jan jiki zuwa titin tashi, wanda a babban fili mai cunkoso kan ci rabin awa idan jirage sun yi layi. Akwai hawa sama, wanda ba a cikakken gudu ake yin sa ba. Akwai saukowa a hankali, wani lokacin ma da shawagi a jira izini. Ga kuma ɗan rarar da kamfanoni ke sakawa don kada a riƙa cewa sun makara. Da haka awa 17 ke zama 18 da rabi ko ma 19.

Amma abin da ya fi ruɗa jama'a, kuma wanda ya hana gidana barci, shi ne agogo. Ɗiyar nan tawa ta turo wa mahaifiyarta hoton tikiti. A jiki an rubuta za ta tashi daren Litinin, ta sauka da asubahin Laraba. Uwargida ta ƙirga da yatsu, ta sami awa 30 da wani abu, ta dube ni ta ce: "Malam, wane irin jirgi ne zai kwana biyu a sama? Ko dai akwai inda za su tsaya ba ta faɗa mana ba?" Na ga hankalinta ya tashi sosai, wayar na hannunta tana ta kunna ta tana kashewa. Sai na ɗauko takarda muka zauna. Na ce mata a ce jirgi ya tashi ƙarfe 11 na daren Litinin a New York. A daidai wannan lokaci agogon Singafo ƙarfe 11 na safiyar Talata yake nunawa, domin da bazara tazarar awa 12 ce tsakaninsu, da hunturu kuma 13 saboda Amurka na mayar da agogonta baya. Ki ɗora awa 19 a kan ƙarfe 11 na safiyar Talata, za ki sami ƙarfe 6 na safiyar Laraba. Awa 12 ɗin nan da suka tsorata ki babu wanda ya zauna su a kujerar jirgi, agogo ne ya yi tsalle. Ta karɓi takardar ta sake bin lissafin da kanta sau biyu kafin ta ajiye wayar.

A dawowa kuma abin sai ya juye. Mutum ya bar Singafo da tsakar ranar Litinin, ya sauka a New York da yammacin wannan Litinin ɗin. Mai kallon tikiti sai ya ce ai tafiyar awa 6 ce ko 7, alhali bawan Allah ya yi fiye da awa 18 a zaune. Kowane lokaci da ke kan tikiti na agogon garin da aka rubuta ne, na tashi da agogon garin tashi, na sauka da agogon garin sauka. Wannan 'yar magana da an riƙa faɗa wa mutane ita, da an rage masu zuwa taryar baƙo kwana ɗaya kafin ya iso, da masu yin kwanan zaune cikin fargaba ba gaira ba dalili. Su kansu ma'aikatan jiragen sama ba sa wasa da wannan, agogo ɗaya suke aiki da shi a duk duniya, na Greenwich, don kada wani ya ce safe wani ya ce dare.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin iska da agogo, wato siyasa. Sararin samaniyar kowace ƙasa mallakinta ne, sai da izininta ake ratsawa. Tun watan Fabrairun 2022, da yaƙin Yukiren ya ɓarke, ƙasashen Turai suka rufe wa jiragen Rasha sararinsu, Rasha ma ta rama. Jirgin Finnair daga Helsinki zuwa Tokyo, wanda a da yakan yi wajen awa 9 ta kan Siberiya, ya koma yin wajen awa 13, ko dai ya zagaya ta kudu ko ya haye ta ƙuryar arewa. Helsinki ba ta matsa ba, Tokyo ma tana nan inda take, amma tafiya ta ƙaru da awa 4. Duk wanda ya kwafo alƙalamin shekarar 2019 ya buga yau, ya ba mai karatu tsohon labari. Haka nan akwai dokar kiyaye rayuka da ta hana jirgi mai inji biyu yin nisa da filin da zai iya sauka idan inji ɗaya ya mutu. A da minti 60 kawai aka yarda, shi ya sa irin waɗannan jirage ke raɓar gaɓar teku. Da injina suka ƙara inganci aka yi ta sassautawa, har Airbus A350 ya sami izinin minti 370. Duk da haka mai tsara hanya ba ya jan layi sai ya san filayen da za a iya faɗawa idan ta ɓaci. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Kada in cika ka da surutu kan mai, amma yana da kyau mai karatu ya san cewa doguwar tafiya irin wannan ba ƙarin awowi kawai ba ce. Jirgin da Singapore Airlines ke amfani da shi, A350-900ULR, an ƙara masa wurin mai har ya kai lita 165,000, kuma kujerunsa 161 ne kacal, babu ƙaramin aji a ciki, domin a rage nauyi. Mai da kansa kaya ne, sai an ƙona mai kafin a ɗauki mai. Shi ya sa jirgin ke fara tafiya a ƙasa-ƙasa, yana rage nauyi yana ƙara hawa. Matuƙa huɗu ake sakawa suna karɓa-karɓa. Kamfanin ya taɓa yin wannan hanya daga filin Newark da ke dab da New York tun 2004 da jirgi mai inji huɗu, A340-500, ya daina a 2013 saboda tsadar mai ta cinye riba, sai a watan Oktoban 2018 ya dawo da sabon jirgi. Ta filin Kennedy kuma a watan Nuwamban 2020 aka fara.

Ni da na girma da labarin tafiyar kwanaki, abin nan har yanzu yana ba ni mamaki, kuma ina so matasa su ji mamakin su ma. A 1947 jirgin Qantas, kamfanin Ostireliya, daga Sydney zuwa Landan kwana huɗu yake yi, yana sauka a Darwin da Singafo da Kalkata da Karachi da Alƙahira da Tarabulus. A watan Maris na 2018 kamfanin ya fara tashi daga Perth zuwa Landan kai tsaye, kusan kilomita 14,500 cikin wajen awa 17. A 2019 ya gwada New York zuwa Sydney da fasinjoji kaɗan, suka yi awa 19 da minti 16, kuma yana shirin haɗa Sydney da Landan kai tsaye, tazarar kusan kilomita 17,000. Abin ya kusa kai maƙura, domin kewayen duniya gaba ɗaya kilomita 40,000 ne da 'yan kai, babu garuruwa biyu da gajeriyar hanyarsu za ta wuce rabin wannan. A ganina injina sun kusa gama nasu aikin. Saura jikin ɗan Adam, wanda zaman awa 20 a kujera ke kumbura masa ƙafa, ya kuma hargitsa masa barci na kwanaki. Ɗiyata ta ce sai da ta yi kusan mako guda tana farkawa ƙarfe 3 na dare ido tar.

Roƙona gare ka, ya Edita, ba mai wuya ba ne. Duk lokacin da za ku kawo labarin tazara da lokacin tafiya tsakanin filayen jirgi biyu, ku faɗa mana tazarar da kuke nufi, ta ma'aunin gajeriyar hanya ce ko wadda jirgin ya ci a zahiri. Ku ba mu lokacin zuwa da na dawowa dabam-dabam, tunda ba ɗaya ba ne, ku kuma ambaci bambancin agogon garuruwan biyu ko da a layi ɗaya. Ku lura da ma'auni ma, domin rahotannin waje kan zo da mil, kuma mil iri biyu ne: na ƙasa kilomita 1.6 ne, na teku wanda matuƙa ke aiki da shi kuma kilomita 1.852. Na sha ganin an ɗauki ɗaya an fassara shi da ɗayan, tazara ta ragu da ɗaruruwan kilomita a kan takarda.

Game da taswirar kuwa, ina roƙon ku sake buga ta a fitowa ta gaba, da layuka uku: na zaren da ya bi ta ƙuryar arewa, na Atlantika da Turai wanda ake yawan bi a zuwa Singafo, da na Fasifik wanda ake bi a komawa New York. Malaman makaranta da yawa suna yanke irin waɗannan hotuna daga jaridarku su manna a bangon aji, na san haka domin ni ma na yi shekaru ina yi. Idan mai zanenku ba shi da ƙwallon duniya a ofis, ya sanar da ni ta wannan shafi, zan aiko masa da nawa tare da zaren, har yanzu yana ɗaure a jikinsa.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka,
Tsohon malamin labarin ƙasa, mai karanta ku kullum.